Kada kuɗin shiga ya cinye mana ƙungiya

Duk uwar da ta tura 'yarta karatu Amurka, wata rana ta ji 'yar ta ce ta shiga ƙungiyar ɗalibai mata mai suna da haruffan Girkanci, mai rantsuwa, mai gaisuwar da ba a nuna wa bare, dole gabanta ya faɗi. Tana da hujja. A Najeriya mun ga yadda ƙungiyar Pyrates, wadda Wole Soyinka da abokansa shida suka kafa a Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1952 da kyakkyawar niyya, ta haifi 'ya'ya da jikokin da suka rikiɗe suka zama ƙungiyoyin asiri masu sara da harbi a harabar makarantu. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Ni 'yar irin wannan ƙungiya ce, wadda Amurkawa ke kira sororiti. Na shige ta ina ɗaliba, kuma har yau ina biyan kuɗina na shekara a reshen waɗanda suka gama karatu. Rajistarta a fili take, jami'a ta san da ita, tana da ofishi da ma'aji da mai binciken kuɗi, sunayen shugabanninta suna nan a intanet. Sirrin da ke cikinta bai wuce kalmomin rantsuwa da yadda ake bikin karɓar sababbi ba, kuma na duba su da idon Musulma ban ga abin da ya taɓa imanina ba. Saboda haka abin da ke hana ni barci game da makomarta wani abu ne daban, wanda ba a cika faɗa a taro ba don ba ya da daɗin ji: yarinyar da aka kafa ƙungiyar dominta ta kusa kasa biyan kuɗin shiga.

Gidaje biyu ne a wannan harka, kuma wanda bai zauna can ba yakan haɗa su. Akwai na farko, wanda ya samo asali daga ƙarni na 19, lokacin da mace a jami'a baƙuwa ce da ake kallo da gefen ido. A 1851 'yan mata suka kafa wadda daga baya ta zama Alpha Delta Pi a Kwalejin Wesleyan da ke Macon, jihar Jojiya, a 1870 kuma aka kafa Kappa Alpha Theta a Indiana. Irin waɗannan guda 26 ne yau suke ƙarƙashin inuwa ɗaya da aka kafa a 1902. Su ne masu manyan gidajen nan masu ginshiƙai da ake gani a hotuna, kuma shekara da shekaru baƙar fata ba ta leƙa su sai dai in aiki ta zo yi a kicin.

Gida na biyu shi ne namu. Da aka rufe wa baƙaƙen mata ƙofa, suka gina nasu. A ranar 15 ga Janairun 1908, Ethel Hedgeman da ƙawayenta suka kafa Alpha Kappa Alpha a Jami'ar Howard da ke Washington. A Janairun 1913 mata 22 suka kafa Delta Sigma Theta a wannan jami'ar dai, sai Zeta Phi Beta a 1920, sai Sigma Gamma Rho da malaman makaranta bakwai suka kafa a Jami'ar Butler ta Indianapolis a 1922, a daidai lokacin da 'yan Ku Klux Klan, ƙungiyar fararen fata masu ƙin baƙaƙe, ke cin karensu ba babbaka a jihar Indiana. Huɗu ke nan. Da na maza guda biyar suka zama tara. Bambancinmu da gida na farko shi ne mu ba a gama zama 'yar ƙungiya ranar da aka karɓi digiri. Za ka je taro ka tarar da tsohuwa mai sanda, ta haura tamanin, sanye da launin ƙungiya, tana gyara wa sakatariya rubutun bayanan zama.

Abin da ya ja ni ciki labarin Mississippi ne, kuma duk lokacin da na ji ana gardamar wane otal za a yi liyafar shekara sai in tuna da shi. A damunar 1935, Alpha Kappa Alpha ta tura ayarin mata ƙarƙashin wata likita, Dorothy Boulding Ferebee, zuwa gundumar Holmes, inda baƙaƙen manoman auduga ke noma gonakin fararen fata a raba amfani, rabon da ba ya taɓa fitar da su daga bashi. A motocinsu suka tafi, tun daga Washington, ta cikin Kudu inda ba kowane gidan mai ne zai bar su su shiga bayi ba. Sun shirya wuraren duba marasa lafiya, suka zauna jira, ba kowa. Ashe masu gonakin ne suka hana ma'aikatansu fita. Ba su naɗe kaya sun koma gida ba. Suka loda allurai da magunguna a motocin, suka riƙa bin gona gona, suna kafa tebur a gindin bishiya da cikin coci, suna yi wa yara rigakafin mashaƙo da agana. Mutanen Kano da suka ga abin da mashaƙo ya yi wa yara a 2023 sun san nauyin wannan allura. Kowace damuna suka yi ta komawa, har yaƙin duniya na biyu ya tsayar da aikin a farkon shekarun 1940, bayan dubban mutane sun amfana.

Su ma 'yan Delta, ƙungiyarsu ba ta cika wata biyu ba suka fito zanga-zangar neman 'yancin jefa ƙuri'a ga mata a Washington, ranar 3 ga Maris 1913, a jerin gwanon da masu shirya shi suka so a tura baƙaƙe can baya. A 1937 suka ƙaddamar da shirin kai littattafai ƙauyukan Kudu inda ɗakin karatu na gwamnati ya haramta ga baƙar fata. Zeta Phi Beta kuwa ita ta fara buɗe reshe a Afirka, a Monrovia, a 1948. Waɗannan matan jikokin bayi ne, wasunsu 'ya'yan masu wankau, kuma albashin malamar firamare suka riƙa yanka suna yin wannan aiki.

To yau fa? Kafin yarinya ta sa rigar ƙungiya a ɗaya daga cikin huɗun nan, sai ta tanadi abin da ya haura dala dubu, a wasu rassan ma ya ninka haka, kuma yawanci a dunƙule ake so, cikin 'yan kwanaki kaɗan bayan an sanar da ita an ɗauke ta. Wannan kuɗin shiga ne kawai. Bayansa akwai kuɗin shekara na reshe da na uwar ƙungiya, akwai tikitin taron shiyya, akwai babban taro na ƙasa da jirginsa da otal ɗinsa, akwai farar riga ta biki, baƙar riga ta wani bikin, jaket mai haruffa, da kyaututtukan da ƙa'ida ba ta rubuta ba amma kowa ta san dole ne. Mu da muka taso a gidajen da ake fitar da anko mun san yadda abin yake: ba wanda ya ce dole, amma wadda ba ta yi ba ita ta san yadda take ji a wurin biki.

Mu yi lissafi. Mafi ƙarancin albashi na tarayya a Amurka dala 7.25 ne a awa, kuma bai motsa ba tun 2009. Ɗalibar da ta zo daga waje da bizar karatu, doka ba ta bar ta ta yi aiki fiye da awa 20 a mako ba lokacin da makaranta ke buɗe, shi ma a cikin harabar jami'a. Awa 20 a wannan farashi dala 145 ke nan. A ce kuɗin shiga dala 1,500 ne: sai ta yi fiye da mako goma tana goge tebur a ɗakin cin abinci, ba ta ci ba, ba ta sayi littafi ba, ba ta tura wa kowa komai a gida ba. 'Yar ƙasa ma ba ta tsira ba. Mafi yawan ɗaliban jami'o'in baƙar fata suna karatu ne da tallafin gwamnati na 'ya'yan marasa ƙarfi da ake kira Pell, wanda iyakarsa dala 7,395 a shekara, kuɗin da ba ya ma rufe kuɗin makaranta da ɗaki a yawancin wurare. Na san 'yan matan da suka fi mu maki, suka fi mu zuwa aikin gayya, suka zo duk wani taron da muka buɗe wa jama'a, amma da aka faɗi adadin sai suka yi murmushi suka ce sai baɗi. Baɗin ba ta zo ba.

In na tada wannan magana, amsar da nake samu daga manyanmu iri biyu ce. Ta farko, wai abin da aka samu a arha ba a riƙe shi da daraja. Ina girmama iyayenmu na ƙungiya, amma wannan magana ce ta wadda ta riga ta ƙoshi. Ta biyu ta fi nauyi, kuma ba zan yi kamar ban ji ta ba: kuɗin ba ya tafiya aljihun kowa. Inshora na cin kaso mai yawa, saboda duk lokacin da wani reshe ya yi aika-aika, uwar ƙungiya ake kai wa kotu. Akwai ma'aikata, akwai lauyoyi, akwai tallafin karatu da ake rabawa. Gaskiya ne. Sai dai ƙungiyoyin nan ba matalauta ba ne. Lokacin da aka tsayar da Kamala Harris takarar mataimakiyar shugaban ƙasa a 2020, ita da ta shiga Alpha Kappa Alpha a Howard a 1986, 'yan'uwanta suka riƙa tura wa kamfen ɗinta dala 19.08 kowacce, don tuna shekarar kafuwa, har abin ya zama labari a jaridu. A 2023 ƙungiyar ta buɗe nata bankin haɗin gwiwa a Chicago. Matan da za su iya haka ba za su kasa ɗauke wa 'yar shekara goma sha tara kuɗin shiga ba, in sun ga dama.

Fatana na farko ke nan, kuma shi ne babba. A raba kuɗin shiga kashi kashi cikin shekara. Kowane reshen waɗanda suka gama karatu ya ɗauki nauyin wani adadi na ɗalibai daga reshen jami'ar da yake kula da shi, a rubuce, a cikin kasafi, ba sai wata mai tausayi ta kira yarinya gefe ta danƙa mata ambulan ba. Kuma a yi shi yadda ba wadda za ta san wa aka biya wa, domin na ga yadda alheri ke zama igiya a wuyan wadda aka yi wa.

Akwai wani kuɗin shiga da ba a biya da dala. A da, kafin a karɓi sababbi sai sun yi makonni ana gasa musu aya a hannu a bainar jama'a: tafiya a layi, kaya iri ɗaya, hana magana, aike marar dalili. Bayan mutuwar wani ɗalibi a Kwalejin Morehouse a 1989, shugabannin ƙungiyoyin suka haramta wannan tsari a 1990, suka kawo wani gajere, na darasi da takardu. Sai abin ya nutse ƙasa. A wasu rassan ana yin na hukuma da rana, na gwale-gwale da dare a gidan wata tsohuwar mamba, kuma wadda ta shigo ta hanyar da doka ta tsara sai a riƙa ce mata 'yar takarda, wato ba ta sha wuya ba, ba ta cika ba. Kalmar tana da dafi fiye da yadda bare zai zata. Yarinya za ta yarda a hana ta barci mako uku, makinta ya zube, don kawai kada a kira ta da wannan suna har ƙarshen rayuwarta. A Fabrairun 2025 wani ɗalibi a Jami'ar Southern da ke Baton Rouge ya mutu bayan an yi ta naushinsa a ƙirji wajen shiga ƙungiyar maza. Mu mata muna son cewa namu bai kai haka ba. Laifi tudu ne.

A Disambar 2024 Shugaba Biden ya sa hannu a dokar da ta tilasta wa jami'o'i su riƙa bayyana irin wannan cin zali a rahotonsu na shekara, su kuma wallafa sunan ƙungiyar da aka samu da laifi. Na yi murna da ita, amma doka ba ta shiga falon mutum da ƙarfe biyun dare. Abin da zai kashe al'adar shi ne ranar da wadda ta ce wa wata 'yar takarda za ta ji kunya, ba wadda aka faɗa wa ba. Wannan aikin manya ne, don su ne suke zuwa bikin tsofaffin ɗalibai suna ba yara labarin wuyar da suka sha suna dariya, yaran kuma su ɗauka shi ne mizani.

Kada mu yi ta nuna gida na farko da yatsa muna jin mun fi su, ko da yake abin nunawa na nan. A Satumbar 2013 jaridar ɗaliban Jami'ar Alabama ta fallasa cewa wasu ƙungiyoyin fararen mata sun ƙi ɗaukar baƙar yarinya mai maki da asali, kuma ba ɗaliban ne suka ƙi ta ba, tsofaffin mambobi ne suka taka birki. Shekara 50 ke nan cif bayan Gwamna George Wallace ya tsaya a bakin ƙofa a wannan jami'ar don hana baƙaƙen ɗalibai rajista. A 2021 kuma duniya ta zuba ido a TikTok tana kallon 'yan matan Alabama suna lissafa kamfanin da ya yi 'yan kunnensu da takalminsu kowace safiya ta makon zaɓen sababbi. Amma a ba su haƙƙinsu: bayan boren 2020, lokacin da ɗalibai a Vanderbilt da wasu jami'o'i suka riƙa ficewa suna neman a rushe tsarin baki ɗaya, da yawa daga cikin 26 ɗin nan sun soke fifikon da ake ba 'yar gado, wato wadda uwarta ko yayarta 'yar ƙungiya ce. Mu fa? A gidanmu an daɗe ana zargin wasu rassa da fifita mai hasken fata da 'yar masu hali, kuma har yau 'yar gado tana da hanyar da 'yar direban tasi ba ta da ita.

'Yar direban tasin nan ita ce makomar. Ku leƙa kowace jami'a a Houston ko Atlanta ko Minneapolis ko Bronx, ku ƙirga baƙaƙen 'yan matan da iyayensu daga Legas ko Kumasi ko Mogadishu ko Konakiri suka zo. Da yawansu Musulmi ne. Ƙungiyoyinmu ba na addini ba ne a rubuce, amma a coci suka girma, kuma ana jin hakan a waƙoƙi da addu'o'in buɗe taro. Ban taɓa neman a goge wannan ba, tarihinsu ne, da shi suka rayu a lokacin da ba su da kowa. Abin da nake so ƙanana ne: kada a sa taron dole a ranar idi, a tanadi abincin da kowa za ta iya ci, a bar wa mai mayafi hanyar yin kayan biki ba tare da ta roƙi alfarma ba. In ba a yi ba, za su yi abin da Ethel Hedgeman ta yi, su gina nasu. Sun ma fara: an kafa Gamma Gamma Chi ta Musulmi mata a 2005, an kafa Mu Delta Alpha a Jami'ar Texas da ke Dallas a 2016. Ina musu fatan alheri, amma zai yi mini ciwo a ce gidan da aka gina don waɗanda aka kora shi ma ya zama mai kora.

Su ma 'ya'yanmu na Afirka da nasu laifin. Wasu suna zuwa da raini, suna ganin baƙaƙen Amurka ragwaye ne, alhali ba don gwagwarmayar waɗannan mutane ba da dokar shige da fice ta 1965, wadda ta buɗe mana ƙofa, ba ta zo a lokacin da ta zo ba. Ƙungiya ce wurin da na ga an fi warkar da wannan raini, don ba za ka yi shekara kana raba abinci da wata kowace Asabar ba ka ci gaba da riƙe tatsuniyar da ka zo da ita a kanta.

Abu ɗaya da ba na so a taɓa shi ne zamanta ta mata zalla. Harvard ta gwada a 2016, ta ce duk ɗalibin da ke ƙungiyar jinsi ɗaya ba zai riƙe shugabanci a makaranta ba, ba kuma za a ba shi goyon bayan neman manyan guraben tallafi ba. Kulob-kulob ɗin maza masu dukiya aka nufa, amma na matan ne suka fara rufewa ko suka buɗe wa maza, don ba su da gidaje da dukiyar jure wa. A 2020 jami'ar ta janye dokar. Mata sun fi maza yawa a jami'o'in Amurka yanzu, gaskiya ne, amma yawa a aji bai hana yarinya buƙatar wurin da ita ce shugaba, ita ce ma'aji, ita ce mai tsawatarwa ba. A nan da yawanmu muka fara riƙe kasafin kuɗi, muka koyi tsayawa gaban mutum ɗari mu yi magana murya ba ta rawa.

Wanda bai yarda da hujjar tausayi ba, ga ta ciniki. Haihuwa ta ragu a Amurka tun bayan durƙushewar tattalin arziki ta 2008, kuma yaran da ba a haifa ba a lokacin su ne ya kamata su cika azuzuwan jami'a daga yanzu zuwa gaba. Ƙananan kwalejoji sun fara rufewa. Ɗaliban da za su rage, da yawansu su ne na farko a gidansu da suka taka jami'a, masu aiki da karatu a lokaci guda, masu zuwa daga gida a bas. Reshen da ya dogara da 'ya'yan likitoci da lauyoyi zai wayi gari da mutum huɗu a ɗakin taro, kuma uwar ƙungiya ba ta daɗe tana riƙe da reshen da ba ya iya cika kujerun shugabancinsa.

Ƙudurin da za mu kai taron shiyya mai zuwa shafi ɗaya ne. Ya nemi a yarda a biya kuɗin shiga kashi huɗu, ya nemi kowane reshen manya ya ware kaso daga ribar liyafarsa ta shekara don ɗalibai, ya kuma nemi a wallafa cikakken adadin kuɗin a shafin reshe tun farkon zango, yadda yarinya za ta san abin da ke gabanta kafin ta saka rai. Na ukun ne aka fi yi mana gardama a kai, wai al'ada ce ba a faɗin kuɗi sai an ɗauki mutum. In bai wuce a wannan karon ba, ƙa'ida ta yarda a sake shigar da shi a zama na gaba, kuma sunayen masu goyon baya suna hannun sakatariya.